Baba Gajimare, Wanda Ya Kama Allo Yana Ƙarya

Kafin ƙarfe bakwai na safe Baba Gajimare ya riga ya rataya hularsa a bayan ƙofar ɗakin Akwati. Akwati shi ne sunan da ɗaliban makarantar koyon tuƙin jirgin sama suka laƙaba wa na'urar da suke gwaji a cikinta: ɗan ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe, da kujeru biyu da maɓallai irin na jirgin gaske, yana girgiza yana karkata, amma bai taɓa barin ƙasa ba. Shekara ashirin da uku Baba yana kula da shi. Kullum kafin ɗalibi ya shigo, sai ya zauna a kujerar matuƙi, ya haɗa wa kansa hadari a manhaja, ya tuƙa ya nufe shi. Ido ɗaya a taga, ido ɗaya a allon yanayi, yana duba ko bakinsu ya zo ɗaya. Sannan ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta a littafinsa. Matarsa takan tsokane shi cewa babu wanda ya kai shi shiga ruwan sama, amma ko sau ɗaya bai dawo gida a jiƙe ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Za a yi jawabai a tafa, na sani, amma ina tsoron a tsallake labarin Auta.

Auta ɗaliba ce da ta zo jarrabawarta ta ƙarshe shekara huɗu da suka wuce. Ta taɓa faɗuwa sau ɗaya, dokar makarantar kuwa ba ta da sassauci: wanda ya faɗi sau biyu ya tattara kayansa. Kyaftin, tsohon matuƙin da ke jarraba ɗalibai, ya sa mata hadari a hanya. Maimakon ta kauce, sai ta karkata hagu ta afka tsakiyarsa. Akwati ya yi ta jijjiga, Kyaftin ya rufe fayil ɗinsa.

"Wallahi, ranka ya daɗe, allon ya nuna min hagu fes take," in ji Auta.

"'Yata, duk wanda ya faɗi allo yake ɗora wa laifi," in ji Kyaftin, ya wuce abinsa.

Baba yana bakin ƙofa ya ji komai. Ta dube shi da idanu jawur ta ce, "Baba, kai ma ba ka yarda da ni ba ko?"

"Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Je ki wanke fuskarki. Takardar sallamarki sai jibi za a sa mata hannu."

Ranar nan sau goma sha ɗaya ya bi hanyar da ta bi, allo bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya ji tausayin yarinyar har cikin ransa, amma tausayi ba hujja ba ne a gaban shugabar makaranta. Washegari sai ya tare Kyaftin a baranda ya ce, "Don Allah zo ka yi min yadda ka yi mata sak, kada ka rage komai."

Kyaftin ya yi gunaguni, amma ya zo. Ashe yana da wata ɗabi'a tasa da Baba bai sani ba: in an kai tsakiyar tafiya sai ya dakatar da na'urar, ya ɗauke hadarin daga dama ya mayar hagu don kada ɗalibi ya haddace hanya, sannan ya ce a ci gaba. Baba kuwa a gwajinsa na safe bai taɓa dakatar da ita ba. Kyaftin na sakin maɓalli, tagar hagu ta yi baƙi ƙirin, allon yanayi kuwa ko gezau, yana nan yana nuna tsohon hoto, hagu fes. Baba ya sauke ajiyar zuciyar da ya kwana da ita a ƙirji.

Sai dai matsalar ta shigo ne da sabuwar manhajar da aka ɗora mako guda kafin nan, kuma Baba ne da kansa ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau. Kai, Baba, nan ne ka burge ni. Da ka ga dama sai ka ɗora wa masu haɗa manhajar laifin gaba ɗaya, babu mai tuhumarka. Amma kai ne ka ɗauki littafinka ka ƙwanƙwasa ofishin shugaba ka ce, "Ranki ya daɗe, yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Allo ne ya yi, ni kuma na sa masa hannu. In da wanda za a sallama, ga ni."

Ba a sallami kowa ba. Aka mayar da tsohuwar manhajar, aka kai rahoto ga masu ita, aka soke sakamakon. Auta ta sake zaman jarrabawar, ta ci. Kyaftin ya nemi ta yafe masa a gaban ɗalibai, abin da har yau ake labarinsa. Baba kuma ya ƙara layi ɗaya a aikinsa na safe: dakatar, matsar da hadari, duba allo.

Makon jiya Auta ta shigo ɗakin Akwati cikin kayan matuƙa. Ta san abin da kowa ya sani, cewa Baba bai taɓa hawa jirgin gaske ba. Ta ce, "Baba, ranar Asabar kai da Mama za ku hau jirgina, kuma ba na son musu."

Ya sosa ƙeya, ya yi 'yan kame-kame, can ya ce, "To, wa ke duba muku allon yanayi?"

"Ni ce, Baba. Ido ɗaya a taga, ido ɗaya a allo."

Ya juya baya yana neman hularsa, alhali tana kansa.

Mun gode, Baba Gajimare, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu cikin ƙoshin lafiya. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, in ɗalibi ya ce allo ya yi ƙarya, ku zauna ku gwada kafin ku rufe fayil.