Ƙulli Shida Zuwa Fuskar Kaka

Makon jiya jikana ya zo gaishe ni daga Kano, yana ta rawar jiki da wani ɗan gilashi da ya sayo. Wai idon kyamara ne irin na da, ya girmi ubansa, a wajen masu tsofaffin kaya ya samo shi ya ɗaura wa sabuwar kyamararsa. Wai yanzu shi ake yayi, don ba ya saita kansa, sai mutum ya murɗa zobensa da hannu sannan hoto ya fito tar. Ya ɗora mini shi a tafin hannu. Ƙarfe ne mai nauyi da sanyi, ga 'yan lambobi sun kewaye zoben. Na murɗa, na ji yana tafiya a hankali kamar ana juya cokali cikin zuma. Ban ankara ba sai na ga na tsayar da shi a kan lamba shida. Nan take wani tsohon haushi ya taso mini, wanda na ɗauka shekaru sun ci ƙarfinsa. Ashe yana nan da ransa.

Yayi! Ka ji fa. Abin da aka taɓa yi wa dariya a ƙofar gidanmu aka ce ƙauyanci ne, shi ne yau 'yan birni suke nema ido rufe. Bari in ba ka labarin, kai ma ka taya ni jin haushin.

A wani ƙauye na tashi tsakanin Roni da Gwiwa, a gindin duwatsu. A ɗakin kakata, mahaifiyar babana, aka yaye ni, daga nan kuwa ban sake komawa ɗakin uwata ba. Gado ɗaya muke kwana, ƙwarya ɗaya muke shan fura. Zanenta kullum ƙamshin man shanu yake yi da hayaƙin kara. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce ƙawata. Tana da baƙin leɓe irin na matan Fulanin da, da wushirya, da wani tabo a girar hagu inda ƙahon saniya ya same ta tana yarinya. Waɗannan kam ina iya lissafa maka su. Amma ka ce in haɗa su wuri ɗaya su zama fuska, yanzu ba na iyawa. Abin da ke cina ke nan.

Kaka ba ta yarda da hoto ba ko kaɗan. Cewa take wanda ya san ta ya san ta, wanda bai san ta ba kuwa takarda ba za ta sanar da shi ba. Abin dariya, mai hoton yankin duka namu ne. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Tun wajen shekarar samun 'yancin kai ya kama sana'ar, yana da 'yar rumfarsa a Kazaure, ranar kasuwa kuma ya ɗaure kaya a bayan keke, yau Gwiwa, gobe Roni, wani lokaci har Babura, inda mutanen Nijar suke tsallakowa ya ɗauke su. Mutum ne marar hayaniya, mai kunya kamar sabuwar amarya.

Kyamararsa tana da ido ɗaya tal, irin na tsaka-tsaki, wanda ba ya jawo na nesa kuma ba ya tura na kusa, yadda idonka yake ganin abu haka shi ma yake gani. A samanta akwai 'yar taga da ake leƙawa. Kawu ya taɓa ɗora idona a kanta ya ce in duba, na ga komai garau, na kusa da na nesa. Sai ya ce kada in yarda da ita, tagar nan maƙaryaciya ce, kowa take gani sai ta ce ya yi kyau. Gaskiyar tana ga zoben da ke jikin idon. Lambobin nan nisa suke nunawa, ƙafa uku, ƙafa shida, ƙafa goma, har zuwa alamar nesa. In mutum yana ƙafa shida ka bar zobe a nesa, to bangon da ke bayansa ka ɗauka, ba shi ba. Saboda haka Kawu ba ya cinta. Yana da wata igiyar rama a aljihu da ya ƙulle ta ƙafa-ƙafa. Ya riƙe baki ɗaya a jikin kyamara, ɗaya bakin a kai shi kuncin mai hoto, a ƙirga ƙulli, ya murɗa zobe zuwa lambar, sannan ya danna. Ana yi masa tsiya a kan igiyar nan, amma ba a taɓa dawo masa da hoto an ce bai fito ba.

Shekarar da kuɗin mai suka fara zubowa, ma'aikatan gwamnati suka wayi gari kowa da rediyo da babur, ita ce shekarar da na ci jarrabawar makarantar kwana ta 'yan mata. Nesa ce ƙwarai, sai hutu ake dawowa. Mutanen gida suna murna, ni ina kuka. Ba karatun nake tsoro ba, rabuwa da Kaka ce. Sai na ƙudurta cewa ba inda za ni sai da hotonta a cikin akwatina. Kwana uku ina binta, ta shiga madafa ina baya, ta je rijiya ina baya, na ƙi cin tuwo. A rana ta uku ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ƙawata, kin fi ƙuda naci. To, sau ɗaya. Ɗaya na ce, ko ya yi ko bai yi ba."

Aka aika wa Kawu. Ya ce ranar Laraba yana tafe.

Ranar Talata kuma, don rabon a yi abin da aka yi, sai ga ɗan Baffana ya iso daga Kano da farar mota. Baffa shi ne wan babana, shi ne mai gidan, maganarsa ba a mayar da ita. Ɗan nasa ya samu aikin ofis, ya yi sabuwar mota, ta farko da ta taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, hanya duk taɓo, sai da samari suka turo ta daga bakin rafi. Aka wanke ta tas aka ajiye ta a gindin tsamiya. Ranar nan ba wanda ya yi aikin kirki, har tsofaffi zuwa suke su shafa ta.

Washegari Laraba da hantsi Kawu ya iso a kekensa, ƙafar wando a naɗe. Bai ko sha ruwa ba mai mota ya tare shi, wai a fara ɗaukar motar. Kawu ya ja da baya can nesa don ta fito duka, ya murɗa zobe har ƙarshe, ya ɗauka. Riƙe wannan a ranka, zoben yana alamar nesa.

Sai Kaka ta fito. Wayyo, in ka gan ta ranar nan! Ta ɗaura baƙin saƙinta na cikin adudu, wanda sai Sallah take fitowa da shi, ta sa tozali, ta sa warwaronta na azurfa. Aka ajiye mata 'yar kujera a bakin zaure, cikin inuwa. Mai mota ya sa aka ɗan juya kujerar ta yadda motarsa za ta fito a baya, can gindin tsamiya. Kawu ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa, don gidan surukan yayarsa ne. Ya zaro igiya. Kunya ba ta bar shi ya kai hannu kusa da fuskarta ba, sai ya miƙo mini bakin igiyar. Na kai ta kuncin Kaka, har yanzu ina jin ɗumin kuncin a bayan yatsuna. Na ƙirga da ƙarfi. Shida.

Kafin Kawu ya kai hannu ga zoben, sai muka ji dariya.

"Haba Malam mai hoto! Igiya a hancin Kaka, sai ka ce za a kai saniya kasuwa? Mu a birni ba ma wannan ƙauyancin. Kawo nan ka gani."

Mutanen da suka taru suka fashe da dariya. Fuskar Baffa ta canja, ya ji wai an wulaƙanta uwarsa a bainar jama'a. Ya ce da Kawu ya ba yaron, ai ɗan boko ne, ya san kan abin Turawa. Kawu ya buɗe baki zai ce a bari ya murɗa zoben tukuna, Baffa ya ɗaga masa hannu. Shi ke nan. Baƙo a gidan surukai, ga babba ya yi magana, me zai ce? Ya miƙa kyamarar da hannu biyu, yana kallon ƙasa.

Shi kuwa gwanin ya kafa ido a tagar nan maƙaryaciya, ya ce ai ga ta nan garau, me ake wani awo. Ƙyas! Ya danna. Mutumin da bai taɓa riƙe kyamara ba sai ranar, don kawai ya iya ɗaure wuya da tuƙa mota! Kawu ya matso yana raɗa cewa a taimaka a sake ɗaya. Amma Kaka ta riga ta miƙe, tana kakkaɓe zane. Ta ce ɗaya ta yi alkawari kuma ta cika. Ta shige gida.

Ana gobe zan tafi Kawu ya dawo da hoton a cikin ambulan. Tun daga yadda ya jingine keken na san ba lafiya. Motar ta fito, kai, ta fito! Ana karanta lambarta, ana ganin ganyen tsamiya ɗaya-ɗaya a jikin gilashinta, har wata kaza da ke kiwo a gindin taya ana iya ƙirga gashinta. A gaba kuma ga wani abu baƙi, dishi-dishi, kamar hayaƙi ya ɗaura ɗankwali. Ba ido, ba leɓe, ba tabo. Wai ita ce Kaka.

Ka san abin da Baffa ya ce? Cewa ya yi hoto ya yi kyau, tubarkalla. Motar yake kallo. Kawu ya yi ƙarfin hali ya ce in an yarda zai sake, ba wuya. Baffa ya ce wato ɗansa bai iya ba ke nan, ko? Kawu ya ce a'a, ba haka yake nufi ba, Allah ya huci zuciya. Ya hau kekensa ya tafi, ko furar da aka dama masa bai sha ba.

To, ga inda haushin ya dawo kaina, kuma ba zan ɓoye maka ba. Baffa da kansa ya kai hoton ɗakin Kaka, ina biye da shi. Idonta ya riga ya yi rauni, abu ƙarami ba ta gani. Ta karɓa ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta kai shi kusa da hanci. Sai ta miƙo mini.

"Ƙawata, ke ce mai ido. Na fito?"

Baffa yana tsaye a bakin ƙofa ya zuba mini ido. Shekarata goma sha biyu, ban taɓa musa wa babba ba. Na ce, "Kin fito, Kaka."

Ta yi murmushi, wushiryar nan ta bayyana, ta ce to alhamdulillahi, ta huta da nacina. Wallahi na san halinta. Duk da ɗayan da ta ce, da na ce mata ba ta fito ba, da ta yi mini tsiya ta yi mini tsiya, ta kuma sake ɗaura saƙin nan saboda ni. Kalma ɗaya ce ta gagare ni. Da na sani ƙeya ce.

Ana tsakar yankan dawa ta kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abarsa. Ba a gaya mini ba sai da na zo hutu na tarar da ɗakin an zuba buhunan gyaɗa. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Motar kuwa ba ta yi shekara biyar ba ta zama ɗakin kaji a bayan gida. Mai ita ya tsufa, ya yi jikoki, muna gaisawa, muna zumunci, kuma har ya bar duniya bai taɓa sanin ya yi wani laifi ba. In ya ga hoton sai ya ce, "Allah sarki, motata ta farko." Na yafe masa don Allah, amma in na ce haushin ya tafi na yi ƙarya. Kawu bai sake ɗaukar hoto a gidanmu ba. Da ya rasu aka raba 'yan kayansa, ba wanda ya kula da igiyar, ni na tsince ta a cikin shara. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yanzu kowa mai hoto ne. Yara su ɗaga waya su ɗauki ɗari a zaune ɗaya, wayar ce ke nemo fuska da kanta, su goge casa'in ba su ko duba ba. Ban ce abin ba shi da amfani ba. Da akwai shi a lokacin, da yau ina da fuskar Kaka. Amma halin nan na mai sabon abu ya ture mai tsohon sani, mutane kuma su tafa masa, shi kam bai canja ba, sai ma abin da ya ƙaru.

Da na gama ba jikana labarin sai ya ce in zauna ya ɗauke ni da tsohon idon. Na ce to, amma da sharaɗi. Na sa ya tura babur ɗinsa bayan katanga, don kada in ga ƙarfe ko ɗaya a bayana. Na shiga ɗaki na buɗe adudu na ɗauko igiyar Kawu. Ya yi dariya ya ce kyamararsa tana nuna masa komai a allo, ba sai an auna ba. Na ce na taɓa jin wannan maganar. Ya daina dariya, ya karɓa, ya kai bakinta kuncina ya ƙirga har shida, ya murɗa zoben, ya danna.

Na ce masa, "Na fito? Duba da kyau. In ban fito ba ka faɗa mini gaskiya, ina nan zaune."