Makullin Agogon Baba

Agogon ya girme ni. Baba ya saye shi a hannun wani Ba'indiye da suka yi aiki tare a masaƙa, lokacin da mutumin zai koma ƙasarsu, tun jiniyar masaƙa ce ke tashin mutanen Kakuri da safe. Dogo ne, na katako, yana rataye a falonmu da ƙofar gilashi a gaba. Makullin ƙofar bai kai ƙaramin yatsana ba. Sai an buɗe ta ake ɗauko ɗan ƙarfen da ke ajiye a ciki a wana agogon, sau ɗaya a sati. Kowace Lahadi in mun dawo daga sujada, kafin ya cire takalmi ma, Baba zai ciro makullin daga aljihun riga, ya buɗe, ya wana, ya rufe. Ba wanda ya isa ya taɓa. Ranar da na dafa gilashin ina yarinya na sha ranƙwashi.

Yayan Baba, wanda muke kira Baba Babba, da mantuwa ya fara. Yau ya manta inda ya ajiye hula, gobe ya manta ya ci abinci. Wata rana da hantsi ya ce za shi aski, ya fita. Kwana uku ana nema, aka same shi a bakin kogi ba rai. Tun daga nan ba mai son ambaton mantuwa a gidanmu. Da Baba ya haura saba'in ya fara tambayar abu ɗaya sau biyu, sai Mama ta samo wa kanta ma'auni. Ta ce mini, "Muddin yana wana agogon nan ran Lahadi, kansa lafiya lau." Ni ma na kama maganar na riƙe, don ba ni da wata. Tsoro nake ji kada mu bi sawun Baba zuwa bakin kogi, ba zan ɓoye ba.

Wata Laraba ina shagona a Romi, Mama ta kira ni a waya. Ta yi ƙasa da murya ta ce makulli ya ɓata, agogo ya tsaya. Baba ya birkice gida, har ya zargi maƙwabciyarmu mai shigowa aron turmi, matar da muka daɗe muna cin tuwo a kwano ɗaya da ita. Na ce, "Mama, makulli ne fa, ba ɗan mutum ba. Ni nawa na ɓatar?" Da faɗa na yi maganar. Haka nake, in na tsorata sai in hau masifa. Ta ce in dai zo.

Ban taɓa sanin ƙarar agogon nan ce ke cika falonmu ba sai da ta ɗauke. Baba na zaune yana kallonsa, hannunsa a aljihun riga yana ta lalube. Muka yi shawara da Mama a kicin. Gobe za ta kai shi asibiti awon hawan jini, ni kuma in ɗauki agogon in yanko makulli, in mayar kafin su dawo, in jefa makullin a aljihun rigarsa ta coci. Ran Lahadi ya wana abinsa, magana ta wuce.

Washegari na naɗe agogon da zane, na rungume shi a keke. Tun da ƙofar a kulle take, ba halin cire ƙarfen da ke lilo a ciki, sai ya riƙa bugun katakon a ƙirjina duk ramin da muka faɗa. Wata mata da ke gefena ta dubi tsawon abin da yadda na rungume shi, ta ɗan matsa, ta ce a hankali, "Sannu, Allah ya ba da haƙuri." Na daka mata tsawa na ce agogo ne, ba gawa ba.

Masu yankan makulli da inji uku na je wa a Kakuri, kowa ya leƙa ramin ya girgiza kai. Suka ce irin wannan mai rami a baki sai aikin hannu, kuma duk wuri ɗaya suka tura ni, wajen wani tsoho a Tudun Wada, ƙetaren gada.

Na same shi a wata 'yar rumfa a bakin kwata, da farin gemu, tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi na kwance zanen. Bai ko taɓa agogon ba. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ke 'yar Baban nan ce na Kakuri?"

Na ce, "Malam, ka san shi ne?"

"Ai da kin bar agogon a gida, 'yata." Ya miƙa hannu bayansa ya ciro wani ɗan makulli daga jikin ƙusa. "Ga samfurinsa. Na ajiye ne don na san za a dawo."

Yana goga da magagari yana ba ni labari. Farkon damina Baba ya zo ya tafi da shi har gidanmu, Mama tana taron mata a coci, Malam ya auna ya yi masa makulli. Bayan wata guda Baba ya sake zuwa, ya gaishe shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ɗauko labarin Ba'indiyen tun daga farko. Ya yi masa na biyu. Zuwansa na uku a ƙafa ne, tun daga Kakuri, silifas ɗaya nasa ɗaya na mace. Da aka gama ya tsaya a bakin rumfar da makulli a hannu, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya tambayi Malam ta ina ake bi zuwa masaƙa, wai zai makara aiki. Masaƙar da aka rufe tun ina budurwa.

"Ni na raka shi a keke har ƙofar gidanku," in ji Malam. "Da ya ga gidan hankalinsa ya dawo, ya roƙe ni kada in shiga. Na so in shiga, wallahi. Nauyinsa na ji."

Na hau shi da faɗa, tsoho bai ji ba bai gani ba. Na ce da Baba ya faɗa ruwa a gadar nan fa? Malam ya ci gaba da gugarsa. Da ya gama ya hura makullin, ya gwada, ƙofar ta buɗe. Ya ce, "Na huɗu ke nan. In kin so na biyar zan yi. Amma ku daina barinsa ya fita shi kaɗai." Na ba shi haƙuri ina kuka a gaban mutane, ko kunya ban ji ba.

Na riga su isa gida, na rataye agogon, na sa makullin inda muka shirya. Ban gaya wa Mama komai ba. Na ce bari in ƙyale ta ko zuwa Lahadi ne.

Ran Lahadi na bi su sujada. Da muka dawo Mama ta wuce kicin, amma na san kunnenta na falo. Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ko mamaki bai yi ba. Ya buɗe ƙofar gilashin, sai ya tsaya. Hannunsa ya shiga ya fito, ya sake shiga, ya taɓa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Na ga bai san abin da ake yi daga nan ba. Na matsa na ɗauko ƙarfen na sa a raminsa, na ɗora hannunsa a kai, na ɗora nawa, muka juya tare. Na kaɗa ƙarfen lilon, agogo ya tashi.

Baba ya kulle ƙofar, ya juyo ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi.

"Na gode ƙwarai, baiwar Allah," ya ce. "Ki ɗan zauna. 'Yata tana hanya daga Romi, sai ku gaisa."

Na ja kujera na zauna.