Furzidan ɗinmu da barcin Baba

A unguwar Lamorde muke da fada, wato majalisarmu ta hira, gindin wata bishiyar dogon yaro da ke jingine da katangar wani tsoho Bazabarme. Teloli ne mu da 'yan taksi, duk baƙin gari. In rana ta take, sai mu rufe shago mu zo mu ɗora shayi, mu baza kartar belot. Inuwar nan kuwa babu irinta a duk kartiyen, wato unguwar.

Shugabanmu, wanda muke ce wa furzidan, direban taksi ne daga Maradi. Mutumin kirki, amma wayyo murya! In ya yi dariya, awakin maƙwabta sai sun ɗaga kai.

Wata rana tsohon ya aiko cewa mu kwashe bencinmu, mun hana shi barcin rana. Hankalinmu ya tashi ƙwarai, don ba mu da wani wurin. Muka taru a kan furzidan muna koya masa magana. Ni na fi kowa zaƙewa, na ce ya sa babbar riga, ya rantse cewa daga yau ko tari ba za a ƙara ji ba.

Ya ce, "Kai tela, ni zan yi shiru? Ka taɓa gani?"

Na raka shi cikin gidan raina a ɓace, na tabbata ya gama da mu. Ya durƙusa ya gaishe shi da fofo, Zabarmancinsa ke nan duka duka, sannan ya koma Hausa.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Yaran nan ba su da laifi, surutun nawa ne. Na gwada rage murya, abin ya gagara. Abin da zan iya shi ne, daga azahar zuwa la'asar ba za ka ƙara ganina a nan ba. Su ka bar su su sha inuwa."

Tsoho ya dube shi ya dube ni, ya ce, "To wa zai riƙe su in ba ka nan?"

"Kunyarka, Baba."

Aka bar mu. Mu muna inuwa muna kurɓar shayi da raɗa, shugabanmu yana can bakin gada cikin taksi, zufa na cin sa. Da an kira la'asar sai ga shi da ihu, yana tambayar wa ya shanye masa shayin na farko. Wallahi tausayi yake ba ni, ga dariya.

Shekarar da Allah ya yi wa Baba rasuwa, bayan an share makoki, na ce masa to yanzu sai ya dawo cikinmu da rana.

Ya harare ni. "Haba tela. Ita tsohuwar da ya bari ba ta barci?"