Motar da Ba Mu Sallama Ba

Har yau in na ce mun sayar da motar Yaya sai in ji bakina ya yi nauyi, don babu wanda ya buɗe baki a gidanmu ya ce ya sallama. Lokaci ne kawai ya cika a wani shafin gwanjo na intanet, mota ta zama ta wani.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta, waɗanda ke tsakaninmu ba su yi rai ba. Haya yake yi da wata tsohuwar mota ruwan toka tsakanin Ikara da Makarfi. Gidanmu a bakin titi yake, daidai inda za ka bar gari ka kama hanyar Makarfi, kuma nan gefen zaure ya kafa mata rumfar kwano. A lokacin kaka Yaya ya rasu, ana tsakiyar karyar masara, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ya bar mata da ƙananan yara, ya bar gona, ya bar motar nan a rumfarta da carbinsa rataye a madubi.

Inna ba ta yi kuka ba. Irin matan da ne masu kunyar ɗan fari, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "mai motar nan". A zaman makoki mata na shigowa suna sharɓar hawaye, ita kuwa tana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Wallahi haushinta na riƙa ji. Har na taɓa ce mata, "Inna, kunyar ta isa haka, wanda kike jin kunyar ma ba ya nan." Ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da jan carbinta.

Bakaniken Yaya ne ya ce a riƙa tayar da injin kullum da safe don kada batir ya mutu. Ni na ɗauki aikin, tunda Yaya ya koya min. Safiyar farko da na murɗa makulli inji ya kama, sai na hango Inna ta fito daga ɗaki da sauri, ɗankwali a hannu, ta tsaya cak a bakin zaure. Da ta ga ni ce sai ta juya. Daga ranar ta mai da tabarmarta gindin rumfar. Nan take ɓarar gyaɗa, nan take tsintar wake, ta jingina bayanta da ƙofar motar. Wata rana na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Makarfi, na nemi Inna ko'ina ban gan ta ba, ashe tana zaune a kujerar baya ta rufe ƙofa. Ta ce wai ƙudaje ne suka dame ta a waje.

A ranar ce ta yi min maganar, idonta na kan tsakuwar da take tsincewa a wake. Ta ce, "Ke, in an zo rabo, a bar min wannan." Shi ne abu ɗaya da na taɓa jin ta roƙa game da shi. Na ce mata motar nan ba za ta bar ƙofar gidan nan ba, in dai ina numfashi. Shirina shi ne ta ɗauke ta a cikin kasonta na gado, abin da ya yi saura in cika wa marayu daga albashina da adashi.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne wakilin magada. Malamin da zai yi rabo ya ce sai an san darajar kowane abu tukuna. Mu kuwa yadda muka saba, in ana son sanin kuɗin bijimi ko babur, kasuwa ake kai shi a ji tayi. Masu saye su taya, mai kaya ya ce albarka, su ƙara, ya sake cewa albarka, da yamma a koro abu a dawo da shi gida an san inda ya tsaya. Babu wanda ke jin an cuce shi, don kowa ya san ciniki bai faɗa ba sai mai kaya ya ce ya sallama. To dillalan tasharmu duk abokan Yaya ne. Wani ya faɗi kuɗin tausayi, wani ya karya ta don yana da ido a kanta, Malam ya ce shi bai gamsu da ko ɗaya ba.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna min shafin gwanjon a wayarta, inda ake sa tsofaffin motoci mutane daga ko'ina su yi ta tayi. Da na kai wa Baffa labari sai ya ce ai shi ke nan, mutanen da ba su san mu ba su ne za su faɗi gaskiya.

Wakilin shafin ya zo daga Zariya. Ya ɗauki motar hoto ciki da waje, ya buɗe inji, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya duba takardu. Kuma tsakani da Allah bai ɓoye mana komai ba. Da Hausa tsantsa ya ce, "Baba, ku sani fa, in lokacin ya cika, wanda tayinsa ya fi shi ne mai mota. Ba a fasawa."

Baffa ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake kai shanu kasuwar Makarfi. Kowane dillali haka yake cewa. Kai dai sa ta mu ji bakinsu."

Mutumin ya maimaita, ya ma tambaya ko akwai kuɗin da in ba a kai ba ba za a sayar ba. Baffa ya ce in ya san kuɗin me zai sa ya kira shi? Ni da nake taƙama da boko ina tsaye ina taya Baffa murmushi. A kaina abin bai wuce zancen kasuwa ba. Ta yaya za a raba mutum da kayansa bai ce ya sallama ba? Baffa ya sa hannu, mutumin ya tafi.

Makon nan ban ji daɗinsa ba. In na buɗe waya sai in ga motar Yaya a jere da motocin da ban sani ba, a ƙasanta tayi na hawa, ba suna, ba fuska, ba gaisuwa. Na saba ganin mai saye ya zagaya abu, ya kushe shi, ya rantse. Waɗannan kuwa shiru suke shigowa su ƙara su ɓace. A cikin hotunan akwai wanda aka ɗauka ta gefe, da na buɗa shi sosai sai na ga inuwar mutum a gilashin baya. Sai da na ƙura ido na gane Inna ce, tana tsaye a bakin zaure tana kallon mai ɗaukar hoton. Ba mu gaya mata abin da ake ciki ba. Kullum bayan la'asar Baffa zai leƙo ya ce, "Ina suka kai?" In na faɗa masa sai ya ce, "Albarka," ya wuce yana dariya.

Ranar Juma'a lokacin ya cika, ana saukowa daga masallaci. Saƙo ya shigo ana taya mu murna an sayar da mota, mai saye har ya biya a hannunsu. Baffa ya ce in rubuta musu albarka. Na duba sama na duba ƙasa, babu wurin da ake faɗin haka. Na kira wakilin, ya saurare ni har na gama zazzaga masa, sannan cikin ladabi ya tuna min abin da ya faɗa a gaban rumfa. Ban ji daɗin ladabin nan ba ko kaɗan, na so a ce ya yi min rashin kunya in samu wanda zan huce a kansa.

Muka tafi wurin Malam, Baffa na cewa a mai wa mutum kuɗinsa. Malam ya ce alkawari dai mun ɗauka da hannunmu, an kuma faɗa mana sharaɗi mun ji. Sannan ya dube ni ya ce, "Ko da sun yarda sun janye, Malama, za ki iya ba marayu abin da mutumin nan ya bayar?" Ba zan iya ba. Tayin ya wuce duk abin da na yi tanadi, ko an haɗa da kason Inna. Na dawo gida ina faɗa, ina cewa ai ba kowane abu ne na sayarwa ba. Sai idona ya faɗa kan matar Yaya a ƙofar ɗakinta, tana cikin takaba, ƙaramin na kan cinyarta. Na ja bakina na yi shiru.

Ni aka bar wa faɗa wa Inna. Na same ta a gindin rumfar na durƙusa.

Ta ce, "Baffanku ya sallama?"

Na ce, "Bai sallama ba, Inna."

"Ke kika sallama?"

"A'a."

"To yaya aka yi ta zama tasa?"

Na fara yi mata bayanin lokaci da shafi, na ji maganar ba ta da kai ko a kunnena. Ta naɗe tabarmarta ta shiga ciki.

Mun ɗauka mai sayen daga Abuja zai zo ko Legas, a tafi da ita inda ba za mu ƙara ganinta ba. Sai ga mutum a kan acaɓa, dogo siriri, manomin rake daga Likoro ta ƙasar Kudan, wai yana so ya fara haya. Ya durƙusa ya gai da Baffa, ya yi ta'aziyya mai tsawo, don ya ce ya taɓa shiga motar marigayin. Na so in tsane shi, abin ya ƙi. Ya ciro carbin daga madubi ya miƙo min da hannu biyu, ya tayar da ita ya tafi. Inna ba ta fito ba.

Ba a rufa wata ba ya sa ta a layin Ikara zuwa Makarfi. Ta ƙofar gidanmu take wucewa, safe da rana da yamma. Salansarta na da wata ƙara da take yi in an sauya giya a ɗan hawan da ke gabanmu, duk gidan mun san ta. Da farko ƙaramin yaron Yaya yakan ruga zaure yana kiran babansa, har uwar ta gaji ta riƙa riƙe shi. Ni kaina na sha miƙewa in ɗauko wa Yaya ruwa a randa kafin in tuna. Inna kuwa in ƙarar ta taso sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi, ba ya motsi sai ta ɓace. Ta rame, abinci sai an yi da gaske. Na riƙa jin tsoron wata safiya zan shiga ɗakinta in tarar ita ma ta bi shi.

Can sai ta tsiri zuwa kasuwar Makarfi duk ranar Laraba, matar da ta yi shekaru ba ta taka can ba. Takan ce za ta sayo mazarƙwaila ko daddawa, ta dawo da ɗan ƙulli da bai kai kuɗin mota ba. Amma ranar takan ci tuwo sosai, har ta yi hira da jikokinta. Na ce to alhamdulillahi, iska take sha. Ban tambaya ba.

Ni dai na ƙi shiga motar. In na taso daga makaranta na tarar ita ke lodi, sai in koma gefe in jira ta gaba, 'yan kamasho har sun gane sun daina kirana. Wata Laraba da damina hadari ya haɗo baƙi ƙirin, tasha ta watse, ita kaɗai ta rage ana neman mutum ɗaya. Na cije na buɗe ƙofar baya.

Inna ce zaune a can ƙurya, daidai bayan direba, ƙullinta a cinya. Ba ta yi mamakin ganina ba, ta ɗan matsa kawai. Muka kama hanya, ruwa ya sauko. Mutumin Likoro da aka sani da surutu a tasha bai ce komai ba, rediyo ma a kashe. Ya karkatar da madubin ciki sama, yadda ba a ganin fuskarsa daga baya. Fasinjan gaba ya ja shi da hira, ya amsa da kai kawai. Na gane ba yau suka fara ba. Na kalli Inna, idonta na kan ƙeyarsa da kafaɗunsa da hannun da ke kan sitiyari, hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar.

Na rasa abin yi, kunya da tausayi suka rufe ni. Na ɗan sunkuya gaba don in gaishe shi, ko ba komai in yi masa godiya. Na buɗe baki ke nan ta damƙi wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

A hankali ta ce, "Bar shi. In ya yi magana ba shi ba ne."

Na koma na jingina. Haka muka tafi har ƙofar gida, hannuna a cikin nata.