Tulun Kaka

Kakata ce mai bugun tulu a Zumuntar Mata ta cocinmu a Kafanchan, kuma ita kaɗai ta rage da ta san kiɗan tsofaffin waƙoƙi. Shekarar da naira ta fito hannunta ya fara rawa, sai ta zaunar da ni koyo. Ni kuwa hankalina na kan wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai idanu kamar an wanke da madara.

Lahadin da na fara bugawa, ya shigo. Zuciyata ta ɗauki gudu, hannuna ya bi ta. Waƙar tuba ta koma ta biki, tsofaffi suna bina suna haki.

Kaka ta raɗa mini, "Ke 'yar nan, angon naki ba zai gudu ba. Juya masa baya."

Haka na koye waƙoƙin duka, ina fuskantar bango.