Littafin da Ya Ci Idona

Ranar wata Alhamis, bayan an gama yankan gero, ina ɗan shekara goma sha biyu, babana ya ɗora ni a kan jaki muka bar Fakku muka nufi Tambuwal. Damman gero na bayana, a jikina kuma sabuwar rigar saƙi da Inna ta kai marina, shunin sai zuba yake yi a wuyana saboda zufa. Da muka iso ƙofar Malam Dikko, Baba ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce ga amana ya kawo, burinsa nan da 'yan shekaru a kai ni Sakkwato. Ni kuwa hankalina yana kan wata bishiyar kanya da ke bayan gidan, ina lissafin ta inda za a hau ta.

Zauren Malam Dikko ba irin makarantar allon da na baro ba ne. Sai wanda ya yi sauka yake karɓa, kuma sai wanda iyayensa za su iya ciyar da shi, su aiko da hatsi kowace kaka, wani lokaci har da maraƙi. Ba ma noma, ba ma kiwo. Aikinmu ɗaya ne, a shirya mu don shiga zauren wani babban shaihi a Sakkwato, wanda ɗalibansa ne ke zama alƙalai da limamai. Shaihin ba ya ɗaukar kowa. Sharaɗinsa shi ne ka zo da littafin fiƙihu da ka kwafa da hannunka daga farko har ƙarshe, ka karanta shi a gabansa. Baba yana da dalilinsa na nacewa. Tun kafin a haife ni aka ƙwace masa wata fadama a shari'a, don bakinsa ya yi nauyi a gaban alƙali. Yakan ce, "Gidan da babu malami, gaskiyarsa ma a tsugune take." Ni ne aka zaɓa in miƙar da ita tsaye, ba a kuwa tambaye ni ba.

Na yi kewar gida ba kaɗan ba. Lokacin da gero ke fitar da kai, nakan tuna ƙannena suna kan rumfar gona da majajjawa suna korar tsuntsaye, suna gasa gyaɗa, da yamma a yi langa har a fasa gwiwa. Mu kuwa tun assalatu an hura wutar kara a tsakar zaure, mun kewaye ta, kowa ya kara takardarsa kusa da harshen wuta. Hayaƙi ya cika ɗakin, ana tari ana karatu. Da hantsi mu jiƙa bagaruwa da kashin maƙera mu haɗa tawada, mu fiƙe alƙalami, mu zauna kwafa har la'asar. Takarda a zamanin nan sai fatake sun kawo ta daga nesa, tsadarta ta sa Malam ba ya yarda a ɓata ko gefe. Kullum faɗansa, "Ku ƙanƙanta hannu." Ni da son a yabe ni, na ƙanƙanta nawa har ya zama kamar sawun kiyashi. In baƙi sun zo, shafina Malam ke ɗagawa ya nuna musu, ni kuma in yi ta hura hanci a gaban sauran yara.

A shekarata ta uku idanuna suka fara ƙaiƙayi. Da safe kwantsa ta liƙe su sai na jiƙa da ruwan ɗumi. Daga baya gashin idon ya riƙa lanƙwasawa ciki yana soka ta, hawaye ba ya tsayawa. Amodari ne, amma na ƙi kiran sunansa. Abokina Sambo, wani ɗan Jabo mai yawan dariya, shi ke ja na bayan rumbu ya tsige mini gashin da matsefata, ya shafa mini tozali, yana tsokanata wai na zama amarya. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa, don na san in maganar ta isa Fakku, duk geron da Baba ya kwaso daga bakin ƙannena ya tafi a banza. Allah ya ba ni kaifin hadda, sai na koma dogaro da kunne. Abin da aka karanta sau biyu ya zauna. Babin ƙarshe na littafina da ƙyar na kwafe shi, hancina yana gogar takarda.

Har yau in na tuna Malam Dikko raina yakan ɓaci, Allah ya gafarta masa. Ba yadda za a yi mutumin da ke hango ɗigon da ya ɓace daga ƙofar zaure ya kasa ganin idon yaron da ke gabansa kullum. Abin da ya yi kawai shi ne ya matso da ni kusa da wuta, wai in ƙara samun haske, inda hayaƙin ya fi yawa. A shekarar nan ba shi da wani ɗalibi da ya isa a kai wa shaihin sai ni, kuma zauren da bai aika kowa Sakkwato ba, iyaye sukan fara kwashe 'ya'yansu.

Da lokaci ya yi, ni da Malam muka bi ayarin fatake zuwa Sakkwato, don hanya ba ta da aminci a lokacin. Tsoro ya hana ni cin abincin kirki har muka shiga birni. Shaihin tsoho ne mai sanyin murya. Ya buɗe littafina a tsakiya, ya karanta kalmomin farko, ya miƙo mini. Baƙin rubutun ya haɗe a idona kamar an zubar da gero a ƙasa, amma na san wurin, sai na zuba karatu ba gargada. Na yi nisa ina jin daɗin muryata kafin na lura zauren ya yi tsit. Ashe na wuce ƙarshen shafin tuntuni ban juya takarda ba.

Shaihin ya sa hannu ya ɗaga haɓata ya juya ni wajen hasken ƙofa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, tun yaushe idanun ga sunka zan haka?" Ya ce haddata ta burge shi, amma a zaurensa littattafai ne masu yawa da kowa zai duba da kansa, in na zauna, ɗan ganin da ya rage mini ma zai tafi. Ya ce a mai da ni gida. Malam Dikko da ke gefe ya karɓi littafin, muka fito.

Baba yana gyaran darni lokacin da na shigo. Na tsaya na gaya masa komai, ina jiran faɗa. Ya ajiye igiyar, ya kama fuskata da hannuwansa masu kaushi. Ya ce, "Duk zuwan da ka ka yi gida, littafin nika cewa a nuna man. Ban taɓa duba idonka ba." Ranar na fara jin kukan babana, ya kuwa fi mini dukan da na yi tsammani ciwo.

Yanzu na tsufa a Fakku, dare da rana kawai nake bambantawa, ina koya wa yara karatu da ka. Jikokina suna da fitilar kananzir, takarda ta yi arha har ana ƙunshe goro da ita, kowa sai baza rubutunsa yake yi yadda ya ga dama. Wani lokaci nakan sa a ɗauko mini littafin nan in shafa shi, in ji ana mamakin ƙanƙantar hannun. Ni dai da zan samu, in ga gero ya fitar da kai sau ɗaya ya fi mini.