Shekarar da Taubashina Ya Biyo Gwamnati Abuja

Taubashina, ɗan Gwaggona, ya buga wa kulob da yawa har idan yana lissafi sai ya tsaya ya tambaye ni. Jos, Kaduna, Badun, Bauchi, Fatakwal, ya tsallaka Garwa, ya dawo, ya sake tsallakawa Kwatano. Ɗan wasan gaba ne, dogo, mai kai kamar turmi, kuma da kan nan yake cin abincinsa. Bai taɓa cika kaka biyu a wuri guda ba. Ko koci ya canza, ko kulob ya talauce, ko gwiwa ta kumbura. Nakan ce masa jakarsa ta fi shi sanin hanya, in an sake ta a tasha ita kaɗai za ta hau mota.

Abu ɗaya ne bai taɓa samu ba, koriyar rigar ƙasa. Ya riga ya haura talatin, in ya tsuguna gwiwarsa na ƙara kamar ƙyauren tsohon shago. Kowa ya cire rai, har shi.

A shekarar ne gwamnati ta tattara komatsanta daga Ikko, wato Legas, ta dawo Abuja. Ni ina sayar da tayoyi a bakin tashar Nyanya, Gwaggo kuma tana zaune tare da mu a Karu. Kullum sai mu ga tireloli shaƙe da tebura da kujeru da kabad-kabad na ƙarfe. Wallahi na ga tirelar da ba ta ɗauko komai ba sai fankoki. Maganar da ke bakin kowa ita ce komai ya dawo Abuja.

Wata Alhamis da hantsi ina duƙe kan taya sai na ji an dafa ni.

"Tashi, bawan gidanmu, ka gaida ɗan wasan ƙasa."

Na ɗaga kai, ga shi da jaka, idonsa jawur saboda tafiya. Na ce, "Wa suka kora kuma?"

"Ba kora ba ce. Kira ne."

Ashe za a yi wasan sada zumunta ranar Asabar da wata ƙasa maƙwabciya, manyan 'yan wasan da ke Turai suka ƙi zuwa, sai aka kira na kusa. A Kwatano ya ji sunansa a rediyo, aka ce kowa ya hallara a sansani. Bai jira ƙarin bayani ba. Gwamnati ta koma Abuja, to ina kuma sansanin ƙasa zai kasance? Ya shiga mota, ya ratsa ta cikin Ikko ko ruwa bai tsaya sha ba, ya yo arewa.

Na rufe shago muka shiga gari. A sabuwar sakatariya muka yi ta hawa da sauka, ko'ina ƙamshin fenti. Da ƙyar muka gano ofishin masu kula da wasanni. Tebura ne jibge a baranda ƙafafunsu sama, da wani masinja, mutumin Filato, zaune kan kwali yana cin gyaɗa.

Taubashi ya gyara tsayuwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Masinjan ya daina tauna.

"Oga, kujera ya zo, mutum bai zo ba. Kam ɗin 'yan wasa, sansanin da kake nema, yana Legas."

"Legas?"

"Legas mana. Ina filin da za su buga a nan? Jiya ma na ji ana faɗa a waya, ɗan wasan da bai fito fili tirenin na yamman Juma'a ba, kada ya wahalar da kansa."

Na dubi taubashi. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ranar. Wata zolaya ta zo mini har bakin leɓe, irin wadda zan ci shekara goma ina cin riba da ita, na haɗiye ta. Ya ajiye jakar a ƙasa a hankali ya ce, "Ta gaban filin na wuce jiya. Na ga fitilunsa."

Jirgin sama ba a maganarsa, manya sun cika shi tun farkon mako. Muka dawo Nyanya a guje. Abin da ban tuna ba shi ne Alhamis ce. Ma'aikatan da aka kwaso daga Ikko ba su yarda sun tare ba, iyalansu na can, tun daga Alhamis suke tsere wa Abuja kamar an ce gobara ta tashi. Duk wata motar Ikko ta cika har kan injin. 'Yan kamashon da nake shan shayi da su kullum suka yi ta kaɗa mini kai.

"Ko uban gidanmu ne ya zo, sai gobe."

Gobe kuwa ta yi latti. Rana ta fara karkata. Taubashi ya zauna kan wata tsohuwar taya yana murza gwiwa.

Can na hango wata tirela a bakin titi, an sauke mata kaya, direban yana duba iskar tayoyi. Irin masu kawo teburan gwamnati ce, kuma wayam suke komawa. Na ja taubashi muka nufe shi. Wani Bayarabe ne kakkaura mai tsage a kumatu, Hausarsa ta tasha.

Na fara da abin da na iya. Na ce wannan da yake gani ya taɓa cin ƙwallo bakwai a wasa ɗaya, ɗaya ma da ƙeya. Na ce gola biyu sun bar sana'ar saboda shi, ɗaya yana sayar da rake yanzu a Jiwa.

Direban bai dube ni ba. Taubashi yake kallo, yana ƙanƙance ido.

"Na san wannan kai," ya ce. "Kai ne ka buga mana a Badun."

"Ni ne, oga."

"Kai ne ka ɗauki fenariti a wasan kofi, ka aika ƙwallo kasuwa."

Taubashi ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Rediyona na fasa ranar. Sabo fil. Bayan haka kuma ka ɗauki jaka ka gudu."

"Sallamata aka yi, oga."

"Da kyau suka yi."

Ya juya ya ci gaba da bubbuga taya da ƙarfe. Duk garuruwan duniya, sai muka faɗa hannun mutumin Badun. Na buɗe baki zan ƙaro ƙarya, taubashi ya riƙe mini hannu.

"Oga," ya ce, "ƙwallon nan har yau ina ganinta tana tashi. Ba zan ce maka ban zubar ba. Amma wannan kiran shi ne na farko, kuma ka dubi gwiwar nan, ka san babu na biyu."

Direban ya zagaya motar, ya bubbuga kowace taya, ya dawo. Na rantse sai da gemuna ya ƙara tsawo kafin ya yi magana.

"A gaban mota ba na ɗaukar mai zubar da fenariti. Hau baya."

Haka ɗan wasan ƙasa ya bar Abuja, zaune kan tsumman da aka naɗe teburan gwamnati da su, rungume da jaka. Ko Karu bai leƙa ba. Ya ɗago murya cikin ƙarar injin, "Ka ce wa Inna ta yi mini addu'a!"

Daga nan sai jira. Ba waya, ba labari. Ko motar ta lalace a Lakwaja, ko sun isa an rufe ƙofa, ba mu sani ba. Gwaggo ta kasa cin abinci, carbi kawai take ja. Ni kuwa ranar Juma'a na ba wani mai Fijo tayar babur, sai da ya zage ni na farga.

Asabar da la'asar muka kewaye rediyo a tsakar gida, har da maƙwabta. Aka karanto sha ɗayan farko, babu shi. Gwaggo ta dube ni. Na ce, "Ai manya daga baya suke shiga." Aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo, aka yi canji, ba shi ba. Aka sake yi, ba shi ba. Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai son ya ga fuskar tsohuwar.

Wasa ya kusa tashi, mai sharhi ya ce ga wani dogo nan yana cire rigar sama a bakin layi. Ya faɗi sunan.

Gwaggo ta ce, "Shi ne?"

Na gyaɗa mata kai.

Sau ɗaya ya taɓa ƙwallo. Aka bugo kwana, ya tashi da turmin kan nan, gola ya ture ta da yatsu ta bi bayan raga. Alƙali ya hura tashi. Ba a sake kiransa ba har ya ajiye takalmi.

Bayan mako ya dawo Karu da koriyar rigar a jaka. Ya ce sun isa ana ɗaura igiyar takalmi, kuma direban har bakin ƙofar sansanin ya kai tirelar, ya leƙo ta taga ya daka masa tsawa cewa in an samu fenariti ya bar wa wani.

Gwaggo ta karɓi rigar, ta shinshina, ta ce a kawo mata sabulu. Taubashi ya yi tsalle ya ƙwace abarsa.